Excel a ofisoshin Abuja: inda yake rage wahala da inda yake yin kuskure a ɓoye

Daga ranar 20 ga wata zuwa ƙarshensa, kowane ofishin kuɗi ka leƙa a Abuja, a Sakatariyar Tarayya ne, ko kamfanin gine-gine a Utako, ko makarantar kuɗi a Gwarimpa, abu ɗaya za ka tarar a allon kwamfuta: Excel a buɗe, sunayen ma'aikata jere, lambobin asusu a gefe, akanta ya ƙura ido. Ko ma'aikatun da IPPIS, tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya, ke biyan albashinsu ba su rabu da shi ba, domin jerin ma'aikata, alawus ɗin tafiya, bashin ƙungiyar adashe da rahoton ƙarshen wata duk a cikinsa ake haɗa su. Akasarin masu wannan aiki ba sa ɗaukar kansu masu rubuta manhaja. Amma duk wanda ya taɓa gaya wa Excel cewa idan ma'aikaci ya kai mataki na 7 a ba shi kaza, in bai kai ba a ba shi kaza, to ya riga ya rubuta wa kwamfuta umarni mai sharaɗi, kuma wannan shi ne ƙashin bayan kodin.

A kan wannan ɓangare ne sharhin ya tsaya, wato kayan rubuta umarni da ke cikin Excel: fomula, Power Query (kayan shigo da bayanai da haɗa su) da makro (jerin umarnin da ke maimaita aiki da kansa). Ga hukuncin tun daga farko. Manhajar ta cancanci kuɗinta ga duk ofishin da ke maimaita lissafi iri ɗaya kowane wata. Sai dai tana da hali guda mai haɗari, shi ne yawan cankar abin da kake nufi ba tare da ta tambaye ka ba, kuma idan ta canka ba daidai ba shiru take yi. Rabin ƙwarewa a Excel shi ne sanin wuraren da take wannan canka.

Wuri na farko shi ne lambobin da ba na lissafi ba. Lambar asusun banki ta NUBAN guda 10 ce, NIN da BVN kowacce 11, lambar waya ma 11. Rubuta 0123456789 a gurbin (ɗan akwatin da ake rubutu a ciki) da ba a saita ba, ka danna Enter, sai ka ga 123456789. Sifilin farko ya tafi, domin Excel ya ɗauka kuɗi ne ko adadin kaya. Idan wannan jerin ya tafi banki, asusun mai lamba 9 ba zai karɓi albashi ba. Lamba ta kai 12, irin lambar biyan kuɗi ta Remita, sai ta koma wani abu kamar 2.3E+11. A cikin fayil ɗin Excel lambar na nan a ɓoye yadda take, amma da zarar an adana shi a matsayin CSV, wato fayil na rubutu zalla, abin da ido ke gani shi ake rubutawa, ainihin lambar ta salwanta ke nan. Mafi muni shi ne lamba 16 irin ta katin ATM: Excel lambobi 15 kawai yake riƙewa, ta ƙarshe sifili yake mayar da ita, kuma ba ta dawowa.

Maganin bai da wuya, amma kafin a fara zuba bayanai ake yin sa. A zaɓi layin tsaye baki ɗaya, a danna Ctrl+1, a mayar da shi Text. Idan ɓarnar ta riga ta auku a lambar asusu, wannan fomula tana dawo da sifilin:

=TEXT(B2,"0000000000")

Sannan a buɗe wani layi a gefe da =LEN(C2), a tace a ga ko akwai wanda ba 10 ba. Minti ɗaya ne aikin, kuma bai kamata wani jerin albashi ya bar ofis ba a yi shi ba. Fayil ɗin CSV da banki ko wata manhaja ta fitar kuwa, kada a buɗe shi da danna sau biyu, don a nan take Excel zai cinye sifilan. Ta Data, sannan From Text/CSV ake shigo da shi, a shiga Transform Data a saita layin ya zama rubutu tukuna. Masu Microsoft 365 sun samu sauƙi tun 2023: a File, Options, Data akwai wurin kashe wannan sauye-sauye na kai-tsaye. Abin takaici ne yadda aka daɗe ba a kawo wannan maɓalli ba, amma yanzu da yake nan, a kashe.

Kwanan wata ya fi wannan rikitarwa, domin kuskurensa ba ya nuna alama. Kwamfutoci da dama suna zuwa ne da saitin Amurka, inda wata ke gaba da rana. A irin wannan na'ura, 03/04/2025 na nufin 4 ga Maris, alhali magatakardan da ya rubuta 3 ga Afrilu yake nufi. Shigo da jerin ranakun haihuwa 500 cikinta, sai ya rabu gida biyu: duk ranar da ba ta wuce 12 ba an juya ta da wata, duk wadda ta wuce 12 kuma ta zauna a matsayin rubutu, ta manne a hagun gurbi. Ana gano na biyun da =ISNUMBER(D2). Na farkon kuwa kamar lafiya lau suke, kuma gyaran da za a amince da shi kawai shi ne a koma ga fayil na asali, a sauya saitin Region na Windows zuwa tsarin Ingila, a sake shigo da su.

Idan kwanan wata ya zauna daidai, a nan fomula ke nuna darajarta. A ƙa'idar aikin gwamnati, ma'aikaci na ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, duk wanda ya riga zuwa. Sashen kula da ma'aikata kan ɓata kwanaki yana ƙirga wannan da biro. Ga shi a layi ɗaya:

=MIN(EDATE(D2,720),EDATE(E2,420))

Wata 720 shekara 60 ke nan, wata 420 kuma 35. Wanda aka haifa 15/06/1968 ya kama aiki 02/01/1992, shekara 60 za ta same shi a Yunin 2028, amma 35 ta riga ta cika a 02/01/2027, kuma ita fomular za ta fitar. Idan ka ga 46389 a maimakon kwanan wata, kada hankalinka ya tashi, haka Excel ke ajiye ranaku a matsayin ƙidaya tun daga farkon 1900, gurbin kawai za a mayar Date. Malaman makaranta da dokar 2022 ta ba shekara 65 ko 40 sai a ware musu nasu adadin, 780 da 480. Haka NETWORKDAYS ke ƙirga ranakun hutun shekara ba tare da Asabar da Lahadi ba, amma bai san Sallah ko Mauludi ba. Sai an ware jerin ranakun hutu a wani shafi, ana sabunta shi duk lokacin da Ma'aikatar Cikin Gida ta yi sanarwa.

Wannan ya kawo mu ga ɗabi'ar da ta fi kowace ɓata fayilolin albashi, wato binne kaso a cikin fomula. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da aƙalla kashi 8, mai ɗaukar aiki kashi 10, daga tushen albashi da kuɗin gida da na sufuri. Sai ka tarar an rubuta 0.08 a gurbi ɗari huɗu. Ranar da doka ta sauya, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a rasa wanda ya tsallake. An ga haka a Fabrairun 2020 da harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5, sannan sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta sake matakan harajin albashi gaba ɗaya, har ta ɗauke naira 800,000 na farko a shekara daga haraji. Abin da ya dace shi ne shafi guda mai suna Kaso, kowane adadi a gurbinsa da sunansa a gefe, fomula kuma ta riƙa leƙawa can:

=ROUND((F2+G2+H2)*Kaso!$B$2,2)

Alamar dala ita ke riƙe gurbin kada ya zame idan an ja fomular ƙasa, F4 ke sanya ta. ROUND ɗin ma ba ado ba ne. Gurbi na iya nuna lamba biyu na kwabo a allo alhali a ciki yana riƙe da ɓurɓushin lamba shida, sai jimillar ta saɓa da ta banki da kwabo 3 ko 4, odita kuma ba zai sa hannu ba sai an nemo su.

Sai maganar haɗa jeri biyu, wadda ita ce aikin yau da kullum: ga jerin ma'aikata daga sashen mulki, ga na asusu daga banki, a ɗauko lambar kowa a ajiye gaban sunansa. VLOOKUP aka saba da shi, kuma yana aiki muddin an rufe shi da sifili a ƙarshe:

=VLOOKUP(A2,Banki!$A$2:$C$900,3,0)

Wanda ya manta wannan sifilin ya ba Excel izinin kawo mafi kusa idan bai samu daidai ba. A jerin albashi, mafi kusa na nufin asusun wani. Wannan ɗaya ne daga manyan laifukan tsarin manhajar, domin zaɓin da ya fi haɗari shi aka mayar na asali. XLOOKUP ya gyara wannan, yana neman daidai tun farko, yana duba hagu da dama, kuma ba ya rikicewa idan an cusa sabon layin tsaye a tsakiya. Matsalarsa ɗaya ce, babu shi a Excel 2016 da 2019. Ka yi aikinka a sabuwar siga, ka tura wa darakta mai tsohuwar kwamfuta, da zarar fayil ɗin ya sake lissafi sai #NAME? ta cika shafin. Ofishin da sigoginsa suka cakuɗe, gara ya tsaya kan wannan, wanda ke aiki ko'ina:

=INDEX(Banki!C:C,MATCH(A2,Banki!A:A,0))

Kuma da lambar ma'aikaci ake haɗawa, kada a kuskura a yi da suna. Muhammad, Mohammed da Muhammadu mutum uku ne a wurin Excel. Ɗanjuma da Danjuma ma biyu ne. Idan #N/A ta fito alhali kana ganin lambar da idonka a jeri biyun, dalili biyu ne galibi. Ko dai ɗaya rubutu ce ɗaya adadi, ko kuma akwai tazara a ƙarshenta da ba a gani. TRIM na share tazarar da aka saba, amma wadda aka kwaso daga shafin intanet daban ce, sai an fara cire ta da =SUBSTITUTE(A2,CHAR(160),""). Abin da ya kamata a guje wa da gaske shi ne lulluɓe fomular da IFERROR a ce ta rubuta sifili. Shafin zai yi tsaf, amma #N/A ɗin nan ita ce kaɗai muryar ma'aikacin da ba a samu asusunsa ba, kuma an toshe ta. Mutum mai iyali a Nyanya ko Kubwa sai ya wayi gari kowa ya ga alat ban da shi.

A nawa ganin, Power Query ne abu mafi daraja a cikin Excel, kuma shi ne aka fi yi wa rowar lokaci. Tun sigar 2016 yake zaune a ƙarƙashin Data ba tare da an girka komai ba. Ɗauki hedikwatar wata hukuma a Garki da ke karɓar rahoton wata daga jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya, fayil 37 ke nan. Yadda aka saba shi ne a buɗe kowanne, a kwafa, a liƙa a ƙarƙashin na baya, wuni biyu a kai, ga gajiyar ido. Da Power Query kuwa, a zuba su duka a folda ɗaya, a bi Data, Get Data, From File, From Folder, a nuna foldar, a zaɓi Combine & Transform Data. Zai jera su a tebur guda, ya ƙara layin da ke nuna fayil ɗin da kowane bayani ya fito. Duk gyaran da ka yi bayan nan, cire layukan banza ne, raba suna ne, sauya nau'in gurbi ne, yana rubuta shi a jeri a gefen dama ƙarƙashin Applied Steps. Wannan jerin shi ne shirin naka. Yaren M ne a ƙarƙashinsa, amma ba dole ne ka taɓa rubuta shi da hannu ba. Wata mai zuwa ka sauya fayilolin foldar, ka danna Refresh All, shi ke nan.

Dalilin da ya sa ya fi makro dacewa da ma'aikacin ofis shi ne ba ya taɓa fayilolin asali, karanta su kawai yake. Ana iya danna kowane mataki a ga yadda teburin yake a wannan gaɓa, a goge matakin da ya ɓaci ba tare da rasa sauran ba. Wanda ya gaji kujerarka ma zai iya karanta matakan ya gane.

Shi ma yana da wuraren tuntuɓe, kuma kusan kullum su ne dai. Yana saka wani mataki da kansa mai suna Changed Type, wanda ke mayar da lambar asusu adadi ya cinye sifili. A goge shi a saita nau'in da hannu, kwanan wata kuma a bi ta Using Locale a zaɓi tsarin Ingila. Yana bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka idan ofishin Bauchi ya rubuta kan layi da manyan baƙaƙe, na Kano ya rubuta da ƙanana, ko dai ya tsaya ya ce bai ga layin ba, ko ya bar guraben wancan fayil fanko, kuma na biyun ya fi haɗari. Idan wata jiha ta saka jimilla a ƙasan rahotonta, za ta shigo a matsayin bayani, adadin jihar ya ninka. Guraben da aka haɗe don kwalliyar kan takarda su ma suna rikita shi. Idan wani ya bar ɗaya daga fayilolin a buɗe, ɓoyayyen fayil mai farawa da ~$ kan bayyana a jerin ya kawo kuskure, sai an tace shi. Sannan adireshin foldar a rubuce yake cikin matakin farko, ka kai aikin wata kwamfuta sai an gyara shi. Maganin yawancinsu ɗaya ne: hedikwata ta tsara fom guda ta kulle kan layukansa, ta raba wa jihohi. Bayan kowace haɗawa kuma a ƙirga sunayen fayilolin da suka shigo, 37 ne ko 36.

Akwai wani zaɓi a cikinsa na haɗa sunaye masu kama da juna ko da rubutunsu ya ɗan bambanta. Yana da amfani wajen zaƙulo wanda ake zargin an saka sau biyu don ɗan Adam ya duba. Kada a biya kowa kuɗi da shi.

Sai makro, wanda shi ne kowa ke marmarin koya tun farko. Yaren VBA, wanda da shi ake rubuta makro, ya shigo Excel a 1993, kuma har yau kamanninsa ba su sauya sosai ba. Ana kunna Developer daga File, Options, Customize Ribbon, a danna Record Macro, a yi aikin sau ɗaya, a tsayar. Alt+F11 na buɗe abin da aka naɗa, Alt+F8 na kunna shi. Dole a adana fayil ɗin da .xlsm, domin .xlsx zubar da makro yake yi.

Naɗin yana da saurin burgewa, amma a duba abin da ya rubuta da kyau. Za a ga layi irin wannan:

Range("A2:H412").Select

Watan da aka yi naɗin ma'aikata 411 ne. Wata na gaba an ɗauki sababbi 18, jerin ya kai layi na 430. Makro zai yi aikinsa har layi na 412 ya tsaya, bai ce uffan ba, mutum 18 sun faɗi. Gyaran shi ne a sa shi ya nemo ƙarshen jerin da kansa:

karshe = Cells(Rows.Count, 1).End(xlUp).Row
Range("A2:H" & karshe).Select

Duk wanda bai kai ga fahimtar waɗannan layuka biyu ba, bai kamata ya sake wa makro jerin albashi ba tukuna. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ga kuma abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba: Ctrl+Z ba ya warware aikin makro. Ya goge layi 200, sun gogu. Don haka a kan kwafi ake gwaji, ana bin umarnin layi-layi da F8, kuma ba ranar da oga ke jiran takardar biya ba, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Makro da aka kwaso daga intanet kan zo da On Error Resume Next a samansa, ma'anarsa ya tsallake duk kuskuren da ya ci karo da shi ya wuce. A cire. Wasu kuma suna kashe lissafin kai-tsaye don sauri, idan suka tsaya a tsakiya sai su bar shi a kashe, ka sauya albashin mutum jimilla ta ƙi motsi. Duk ranar da fomula ta daskare, a fara duba Formulas, Calculation Options.

Ga mai rubuta Hausa akwai ƙarin cikas. Tagar rubuta VBA ba ta san ƙ, ɗ, ɓ ko alamar naira ba, alamar tambaya take mayar da su. Shi ya sa aka rubuta karshe a sama ba da ƙugiya ba. Don makro ya saka su a gurbi sai an kira su da lamba: ChrW(409) ne ƙ, ChrW(599) ɗ, ChrW(595) ɓ, ChrW(8358) kuma ₦. Haka wajen adana CSV, in ba a zaɓi CSV UTF-8 ba, sunan Ɗayyabu ko Ƙasimu zai isa ɗaya ɓangaren a lalace. Manhajar da ake sayarwa duniya baki ɗaya bai kamata ta ci gaba da wannan gazawa bayan shekara 30 ba.

Duk da haka akwai ayyukan da makro ne kaɗai ke yinsu da kyau a kwamfutar da ba ta da intanet. Fitar da takardar albashi ta PDF ga kowane ma'aikaci da lambarsa a matsayin sunan fayil na daga ciki. Rubuta kuɗi da kalmomi a kan bauca ma haka, domin Excel bai da fomular da ke mayar da 84,250.50 zuwa kalmomin naira da kwabo. A irin waɗannan wurare ya cancanci wahalarsa. Abin lura shi ne makron VBA ba ya aiki a Excel na waya ko na burauza, don haka fayil ɗin da aka tura wa oga ta WhatsApp zai buɗe, maɓallan ne ba za su amsa ba.

Tun 2022 Microsoft ke toshe makro a duk fayil ɗin da ya zo daga intanet ko imel, da jan layi a sama. Mataki ne mai kyau, domin ta makro ɓarayin intanet suka daɗe suna shiga kwamfutoci, tun zamanin ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Melissa a 1999. Idan ka san wanda ya rubuta fayil ɗin, ka rufe shi, ka danna dama a kansa, Properties, Unblock. Idan ba ka san shi ba, ko saƙon na cewa takardar kwangila ce ko ta biyan kuɗi sai ka kunna makro za ka gani, kada ka buɗe. Wanda ya zo ta filashi sau da yawa ba ya ɗauke da tambarin da ke nuna daga intanet ya zo, don haka rashin jan layi ba shaidar lafiya ba ce. Kulle shafi da Protect Sheet kuwa yana hana kuskuren hannu ne kawai, ba ya ɓoye sirri. Fayil mai BVN da albashin mutane yana buƙatar Encrypt with Password daga File, Info, ballantana yanzu da dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta ɗora wa ofisoshi alhakin abin da suke riƙe da shi. A ajiye kalmar sirrin a wuri amintacce, in ta ɓace fayil ɗin ya tafi.

Word ma na da nasa ɗan kodin, a Mail Merge, wajen buga takardun ƙarin girma ko gayyata ɗaruruwa daga jerin Excel. Kukan da aka fi yi shi ne 84,250.50 ya fito 84250.5. A danna Alt+F9, a ƙara \# "#,##0.00" bayan sunan filin, na kwanan wata kuma \@ "dd/MM/yyyy", a sake danna Alt+F9, sannan F9.

Batun wuta ba sai an faɗa wa mazaunin Abuja ba. Excel na ajiye kwafin ceto duk minti 10, kuma tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta kwamfutar tebur ta riga ta mutu. A rage shi zuwa minti 3 a File, Options, Save. AutoSave na gaske, wato adanawa kai-tsaye, sai fayil na kan OneDrive ko SharePoint, ma'ajiyar Microsoft ta intanet. A kuma daina adana aiki da tsohon tsarin .xls, wanda ke tsayawa a layi 65,536 alhali sabon na kai 1,048,576. Iyakar tsohon tsarin ce ta sa hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta tsallake sakamakon gwajin korona na mutum 15,841 a 2020.

Akwai abokan hamayya, kuma ba na wasa ba ne. Google Sheets ya fi sauƙi idan mutum biyar za su yi aiki a fayil ɗaya lokaci guda, yana da Apps Script a madadin makro, amma umarnin na buƙatar intanet kuma kowane gudu minti 6 ne iyakarsa. LibreOffice Calc kyauta ne, ba ruwansa da data, ya samu XLOOKUP tun 2024, kuma ya ishi makaranta ko ƙaramin kamfani. Babu Power Query a cikinsa, kuma ba duk makron VBA yake gane wa ba. Yaren Python da aka kawo cikin Excel a 2023 a sabar Microsoft yake gudana, sabis ya yanke ya tsaya, don haka ba shi ne abin da akanta a Wuse zai fara da shi ba.

Ga ofishin da ke haɗa rahotanni daga rassa ko yake biyan sama da mutum hamsin, Excel na asali mai lasisi ne shawarar. Microsoft 365 na samun sababbin abubuwa da wuri, amma kuɗin haya ne da ake sabuntawa, kuma yana son ganin intanet kusan sau ɗaya a wata don tabbatar da lasisi. Office 2021 da 2024 saye ɗaya ne, duka suna da XLOOKUP da Power Query. Sigar 2016 da 2019 kuwa Microsoft ta daina ba su gyaran tsaro tun 14 ga Oktoban 2025, don haka kada a karɓe su a sabuwar saye. Idan za ka ɗauki kwamfuta a Banex ko wani shago aka ce an saka mata Office, kafin ka biya ka buɗe Excel, ka shiga File, Account, ka karanta sigar da matsayin lasisin. Sannan ka koma gurbi ka rubuta =XL. Idan XLOOKUP bai bayyana a ƙasa ba, tsohuwar siga ce aka saka.